Wutar da Ta Rasa Hanyar Komawa Batir: Nazarin Wayar Ƙasa a Wata Motar Haɗin Hannu

Motar ƙarama ce mai kujera biyu, irin ƙirar Lotus Seven da ta fito a Ingila a 1957, wadda har yau masu sha'awa ke haɗa irinta da hannunsu. Shasinta bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, milimita 25 kowane gefe, kaurin bangonsa milimita 1.6. An haɗa shi da walda, aka yi masa fentin hoda, wanda ake fesawa sannan a gasa. Hancin motar da madigadi faiba ne, gefunan kuma fallen alminiyam da aka kama da ribit. Injin fetur ne mai silinda huɗu, lita 2, mai allurar mai da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, an ciro shi daga wata mota. Gaban ya cika, sai aka kai batir bayan kujeru.

Ta ɓangaren fozitif an yi aiki mai kyau: wayar jan ƙarfe mai kauri mm² 35 (murabba'in milimita, ma'aunin kaurin waya), tsawon mita 3.5, daga batir zuwa kik. Nagetif ne aka yi wa riƙon sakainar kashi. An ɗauko guntuwar waya mm² 16, tsawon santimita 40, aka ɗaure ta a ƙusar da ke riƙe da mazaunin batir, a kan fenti. Tsakanin inji da shasi kuwa, siririyar waya ce guda ɗaya, mm² 6, ita ma a kan fenti.

Wannan ɓangare na nagetif shi ake kira wayar ƙasa, ko da yake babu ruwansa da ƙasar da muke takawa, tunda mota a kan roba take tsaye. Hanya ce kawai ta komawar wuta gida. Duk amfiya ɗaya da ta fita ta fozitif sai ta koma ta nagetif, ba ragi. Idan kik ya ja amfiya 170, to amfiya 170 ɗin nan ne za su fito ta jikinsa, su bi inji, su nemi hanyar da za ta mayar da su batir.

Abin da motar ta riƙa yi

Da sanyin inji takan tashi, amma kik na juyawa da nauyi. Idan injin ya yi zafi aka kashe, aka zo tayarwa, sai ya yi gurnani sau biyu ya tsaya. Allurar zafin ruwa tana hawa da zarar an kunna fitilun gaba ko fankar lagireto ta kama, ta sauko nan take idan an kashe su, alhali ruwa ba ya ɗaukar zafi ko ya huce cikin daƙiƙa ɗaya. Silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, na rawa idan fanka ta kama. A baya, idan an taka birki ana kuma ba da sigina, fitilar dare tana lumshewa tare da siginar. Mafi tayar da hankali shi ne wata rana da kik ya ƙi juyawa, aka ci gaba da murɗa makulli, sai aka ji ƙaurin roba, daga nan kuma totur ya fara riƙewa idan an taka.

An sauya batir. An kwance kik an duba gawayinsa, lafiya lau. An bar jaki ana dukan taiki, amma kuskuren yana da dalili: an riga an gwada wayar ƙasa da maltimita a ma'aunin turjiya, daga nagetif zuwa jikin inji, ta yi ƙara, ta nuna om 0.2, aka ce babu matsala a nan.

Wannan gwajin ba ya iya kama irin wannan cuta. Maltimita tana tura wuta 'yar mitsitsiya ce, wadda ko silin waya ɗaya zai ɗauka, kuma wayoyin gwajin kansu suna da turjiyar om 0.1 zuwa 0.3. Turjiyar da ke durƙusar da kik kuwa ba ta wuce om 0.01 ba. Lissafin dokar Ohm ne: amfiya 170 sau om 0.01 ya ba da bolt 1.7, a tsarin da gaba ɗayansa bolt 12 ne. Don haka ba a auna hanyar kik tana hutawa. Ana auna bolt nawa ke zubewa a kowace gaɓa a daidai lokacin da babbar wuta ke ratsa ta.

Yadda aka yi awon

An cire fiyus ɗin famfon mai da na koyil don injin ya juya ba tare da ya tashi ba. Giya a firi, birkin hannu a ja. Mutum ɗaya yana murɗa makulli, ɗaya yana karanta maltimita. Kowane juyi bai wuce daƙiƙa goma ba, sannan a bar kik ya huta kamar minti ɗaya. Tunda batir na baya, an ƙara wa baƙar wayar maltimita tsawo da siririyar waya, wanda ba ya ɓata awo, domin kusan babu wutar da ke bin ta.

Batir a hutu ya nuna bolt 12.6, wato cike yake. Ana juya kik ya sauka 10.6, wanda lafiyayyen batir ne. A kan kik kuwa, tsakanin babbar ƙusarsa ta fozitif da jikinsa, bolt 8.4 kawai ake samu. Bolt 2.2 sun salwanta a hanya. Ma'aunin amfiya mai baki kamar filaya ya nuna 170.

Daga kan fozitif na batir zuwa ƙusar kik an samu 0.4, kuma ya yi daidai da lissafi. Jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da kaurin mm² ɗaya yana da turjiya kusan om 0.0175, don haka waya mm² 35 mai mita 3.5 za ta ci bolt 0.3 a wannan nauyi, sauran 0.1 na mahaɗai ne. Daga jikin kik zuwa nagetif na batir kuwa an samu 1.8. Abin da masu aikin waya ke nema a wannan ɓangare shi ne kada ya wuce 0.2, kuma fozitif da nagetif a haɗe su tsaya kusa da rabin bolt.

Sai aka bi hanyar gaɓa-gaɓa, ana ɗora tsinin awo ɗaya kafin mahaɗi, ɗaya bayansa. Daga dalmar kan batir zuwa maƙalarsa, 0.05. A nan dole tsinin ya taɓa dalmar kanta, domin wanda ya ɗora a kan maƙala ya tsallake mahaɗin da yake son gwadawa. Guntuwar wayar mm² 16 ta ci 0.1. Daga zoben kan wayar zuwa ƙarfen shasi da aka kankare, tazarar da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, 0.5. Shasin kansa, daga baya har gaba, 0.15. Daga shasi zuwa bulok, wato gangar jikin inji, bolt 1.0 cif.

Shasin ya wanke kansa ke nan. Ƙarfe bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, turjiyarsa ta ninka kusan sau takwas, amma bututun yana da nama kusan mm² 150, daidai da wayar jan ƙarfe mm² 18 ko kusa, kuma bututu da yawa ne ke tafiya tare, walda ta haɗe su. Laifin yana wurin shiga shasi da wurin fita daga cikinsa. Bolt 1.8 sau amfiya 170 ya haura wat 300, mafi yawansa yana zama zafi a mahaɗai biyu. Bayan juyi uku zoben da ke kusa da batir ba ya taɓuwa da hannu.

Don tabbatarwa, an ɗauki baƙar wayar jona batir ita kaɗai, aka maƙala baki ɗaya a ƙarfen shasi da aka kankare, ɗayan a jikin inji. Nan take kik ya sauya murya.

Inji a kan roba yake zaune

Wannan shi ne abin da mai haɗa mota ya fi mantawa, domin ido na ganin inji da shasi kamar ƙarfe ɗaya ne. Inji na zaune a kan robobi. Giyabos ma haka. Salansa na rataye da roba, tiyon ruwa da na mai roba ne. Kik kuma ba shi da wayar nagetif, jikinsa ne nagetif ɗinsa. Haka altaneta, haka fulogi, haka sensar zafi mai waya ɗaya. Duk suna zuba wutarsu cikin bulok, bulok kuma tsibiri ne in ba a yi masa gada ba.

Idan gadar ta yi rauni, wuta ba ta haƙura. Takan rarrabu ta bi duk wani ƙarfe da ya haɗa inji da shasi: wayar totur, wayar kuloci, tiyo mai saƙar ƙarfe a bayansa, har boris ɗin giyabos da na farfela, inda tartsatsi ke cin ƙwallayen a hankali. A wannan motar, ranar da aka ji ƙauri, zoben siririyar wayar ne ya saki, sai wayar totur ta ɗauki kaso mai yawa. Da aka zare ta, robar da ke cikin kubenta ta narke ta manne a wurare biyu. Wannan ya wuce maganar tayar da mota: totur da ya maƙale a buɗe a kan hanya maganar rai ce. An jefar da wayar aka sa sabuwa, kuma haka ya kamata a yi wa duk wadda ta taɓa ɗaukar zafi irin wannan, ko da a ido tana da kyau. An duba ta kuloci, ba ta ƙone ba.

Allurar zafi da caji

Idan inji na aiki, alkiblar wutar a gadar nan juyawa take yi. Altaneta ce ke ba da wuta, fitilu da fanka su zuba tasu a shasi, daga nan ta haura zuwa bulok ta koma jikin altaneta. An ɗaga injin zuwa juyi 2,000 a minti, aka kunna fitilu da fanka, altaneta na ba da amfiya 45. Bulok ya sauka ƙasa da shasi da kusan bolt 0.3. Agogon zafi yana ɗaukar nagetif ɗinsa daga shasi, sensar da ke ba shi labari kuma tana ɗauka daga bulok. Wannan bambancin ya ƙara wutar da ke bin sensar, agogon ya fassara ƙarin a matsayin zafi.

An sake samun 0.3 tsakanin jikin altaneta da bulok, saboda ƙarfen da ke riƙe da ita shi ma an yi masa fentin hoda har fuskokin da ke haɗuwa. Altaneta na auna kanta ne tsakanin fitarta da jikinta, a can tana ganin bolt 14.2, ta gamsu. Batir kuwa 13.4 ke isa gare shi, alhali yana buƙatar 13.8 zuwa 14.4 kafin ya cika yadda ya kamata.

Rawar silo daga wani kuskure ta fito, wanda aka yi da kyakkyawar niyya. Ƙwaƙwalwar inji tana da nagetif iri biyu: manyan wayoyin da ke zuwa bulok ko kan silinda, da kuma siririyar waya da sensoci ke komawa ta cikinta zuwa ƙwaƙwalwar. Mai haɗin ya reshe wannan siririyar ya ɗaura ta a shasi, a tunaninsa ƙarin nagetif ba ya cutarwa. Sensar iskar salansa ta gargajiya tana magana ne tsakanin bolt 0.1 da 0.9, tsakiyarta 0.45, don haka karkatar 0.3 ta isa ta sa ƙwaƙwalwa ta yi awon mai a kan ƙarya. Bayan haka, reshen ya mayar da ƙwaƙwalwar kanta gada tsakanin shasi da inji. Wani kaso na wutar kik yana ratsa waya mm² 0.5 da siraran layukan da ke kan allonta. Robar wayar ta riga ta sauya launi. An yanke reshen, aka sauya wayar, aka bar sensoci suna komawa ƙwaƙwalwa kaɗai kamar yadda zanen mai ƙera ta ya nuna.

Gyaran

Kafin komai an cire nagetif na batir. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, domin muddin yana haɗe, sifanar da ta taɓa fozitif da shasi a lokaci guda za ta zama sandar walda a hannun mutum. Tunda za a yi walda, an fitar da batir gaba ɗaya, an sauke tankin mai, an zare soket ɗin ƙwaƙwalwa da wayoyin altaneta, an kuma maƙala nagetif na injin walda dab da inda ake aiki.

An yi waldar ƙusa mai zare M8 guda biyu a kan 'yan faranta masu kaurin milimita 3: ɗaya a babban bututun da ke kusa da batir, ɗaya a bututun ƙasa kusa da kik. Sai M6 guda uku don ƙananan kaya, bayan dashbod, gaba wajen fitilu, da baya. Ba a huda bututu an sa sukurun da ke yanka zarensa ba, domin a bango mai milimita 1.6 zare ɗaya ko biyu kawai zai kama, girgiza kuma ta sassauta shi. Noti mai kamun ribit ma bai dace da babbar wuta ba.

A gindin kowace ƙusa an goge farantin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, da'irar da ta ɗan fi zoben waya faɗi. Wutar ta fuskar zobe take shiga fuskar ƙarfe, aikin ƙusa shi ne matse su. Shi ya sa zoben ke kwanciya kai tsaye a kan ƙarfe, washa ta zo a samansa, sannan noti. Akwai masu sa washa mai haƙora a ƙarƙashin zobe don ta ciji fenti. A ƙaramar waya ta fitila tana aiki, amma a hanyar kik tana rage fuskar haɗuwa zuwa 'yan tsinaye, ta kuma bar wa danshi ƙofa. Kankare fentin ya fi. An ɗaure M8 da kusan Nm 20 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), M6 da kusan 9, ba a sa gam ɗin zare a fuskokin ba. Bayan ɗauri aka lulluɓe wurin da giris don hana tsatsa. Inda zobba suka haɗu a ƙusa ɗaya, babba ne a ƙasa, kuma ba a bari sun wuce huɗu ba.

Manyan wayoyi uku aka sa. Ta farko mm² 35, santimita 30, daga nagetif zuwa ƙusar baya. Ta biyu saƙaƙƙiyar waya mai faɗi, mm² 25, santimita 30, daga ƙusar gaba zuwa ɗaya daga cikin ƙusoshin da ke haɗa giyabos da bulok, kusa da kik. An bar mata lanƙwasa, saboda inji na karkata a kan robobinsa duk lokacin da aka ba shi wuta, kuma wayar da aka ja ta miƙe za ta tsinke sili-sili a bakin zobe. An nesanta ta da salansa. Ba a ɗaura ta a murfin saman inji ko bututun shigar iska ba, domin gasket ya raba su da bulok. Ta uku baƙar waya ce mm² 35, mita 3.5, daga nagetif kai tsaye zuwa ƙusar da ke riƙe da kik, tana tafiya gefen ta fozitif, an kama ta da maƙalai masu roba duk santimita 25 zuwa 30.

Wannan ta ukun ba dole ba ce a shasin ƙarfe mai walda. Lissafi ya nuna biyun farko kaɗai za su kawo asarar kusa da bolt 0.25, kuma doguwar wayar ta ƙara wa motar nauyin fiye da kilo ɗaya. Amma ta cancanci wurinta, domin ranar da saƙaƙƙiyar ta tsinke, wutar kik tana da wata babbar hanya, ba za ta sake komawa kan totur ba. Wanda ba ya son nauyin, ya sa saƙaƙƙiya ta biyu a ɗaya gefen injin. A shasin da aka haɗa da ƙusoshi ko ribit ko gam kuwa, doguwar wayar wajibi ce. Ba a sa fiyus a ko ɗaya daga cikin ukun ba, tunda fiyus a fozitif yake zama, kusa da batir.

Zobban na jan ƙarfe ne masu rufin kuza, ramin kowanne daidai da ƙusarsa, an matse su da matsi mai kusurwa shida, sannan aka rufe wuyan da robar nan mai gam a ciki da ke tsukewa idan ta ji zafi. Rufin kuzan yana da amfani musamman a kan alminiyam ɗin giyabos, inda tsiraicin jan ƙarfe da danshi ke cin alminiyam. Dukan zobe da guduma ba ya matse silin ciki. Cika shi da dalma kuma yana sa dalmar ta bi silin ta sandarar da wayar, ta karye a inda taurin ya ƙare. A kuma kankare bakin waya a duba kafin a yi aiki da ita: idan cikin silin fari ne, alminiyam ce da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka.

Ƙarfen altaneta an kwance shi an kankare fuskokinsa, aka ƙara waya mm² 10 daga jikinta zuwa bulok.

Fitilun baya da tanki

Faiba ba ta ɗaukar wuta, don haka kowace fitila a irin wannan mota tana buƙatar waya biyu. Mai haɗin ya san haka, amma ya kai nagetif na fitilun baya kan fallen alminiyam, wanda gam ɗin hana ruwa da fentin shasi suka raba da ƙarfe, ribit kaɗai ke ɗan taɓawa. Ƙwan birki da na dare ɗaya ne mai zare biyu, wat 21 da wat 5, suna tarayya a nagetif. Da hanyar ta toshe, wutar birki da ta sigina sai su bi zaren wat 5 da baya, su ratsa sauran fitilun dare suna neman mafita. Lumshewar ke nan. An ja baƙar waya mm² 2.5 daga kowane gefe zuwa ƙusar M6 ta baya. A gaba, kowace babbar fitila mai wat 60 tana jan kusan amfiya 5, an ba kowacce wayar komawa mai kaurin wadda ta kawo mata wuta. Inda kaya biyu suka haɗu a waya ɗaya, sai a tara amfiyoyinsu a zaɓi kauri.

Tankin alminiyam ne a kan roba. An ba famfon mai wayarsa, ma'aunin mai tasa daban, don kada wutar famfo ta karkatar da allurar. An kuma haɗa jikin tankin da ƙarfen bakin zuba mai da shasi, saboda cajin da gudun fetur ke tarawa ya samu hanyar sauka ba tare da tartsatsi ba.

Da aka maimaita awon, batir na nuna 10.7 lokacin juyi, kik na samun kusan 10.2, ɓangaren nagetif gaba ɗaya ya koma 0.15. Da fitilu da fanka a kunne batir na karɓar 13.9, tsakanin bulok da shasi kuma bai kai 0.05 ba, allurar zafi ta daina motsi. An rubuta waɗannan lambobi a takardar zanen wayar motar, aka sa ranar sake duba ɗaurin ƙusoshin bayan tafiyar farko mai nisa, tunda sabon zobe yakan ɗan kwanta ya sassauta noti.